Ƙyauren da Auta Ya Yi wa Ƙafafu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan Bungudu muna lafiya gwargwado. Damina ta kankama, gero ya kai ƙirji. Katangar gidanki ta gabas ta sha ruwa, amma har yanzu tana tsaye.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, addu'a ce ke zuwa. Haka aka karantar da mu, haka ke ma kika karantar da ni. Sai dai akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, na juya ta na juya, na ga ba wanda zai gane ta kamarki. Masu bibiyar rubutuna a nan su yi mini haƙuri, yau ba da su nake ba. Kuma kafin in rubuta sai da na nemi izinin ɗan autanki, don kada ya zama na ci namansa. Ya ce in rubuta, kada dai in kama sunansa. Ba zan kama ba. Auta muke ce masa, Auta zan ce.

Maganar ƙyaurenki ce, Inna.

Tsohon ƙyauren maɗacin nan da aka cire daga ɗakin kakarmu lokacin da aka sa na ƙarfe. Baba ya so a faskara shi, kika hana. Kika sa masassaƙi ya yi masa 'yar kwata a gefe biyu, ta bi tsawonsa har ta haɗe a ƙarshe, ya kuma rage kaurin wannan ƙarshen don ruwa ya riƙa gangarawa ta wajen ƙafafu. Tun daga ranar, duk macen da ta rasu a unguwarmu a kansa kike yi mata wanka.

Mazauninsa ɗakin ajiya ne, bayan rumbu, a jingine, lulluɓe da tsohuwar tabarma. In an yi rasuwa mata biyu ke ɗaukarsa a naɗe, su bi ta lungu. Maza suna can ƙofar gida a kan tabarmi suna jiran a ce an gama, ba wanda ya taɓa ganinsa a bakin aiki. Yara kuwa kin kafa doka kada a faɗa musu, don kada su riƙa tsoron ɗakin. In yaro ya tambaya, amsarki ɗaya ce: ƙyaure ne, yana jiran ɗakinsa.

Ni ma sai da na yi haihuwa biyu kafin kika miƙa mini buta kika ce in biyo ki. Da zuba ruwa na fara. A nan na koyi kirɓa ganyen magarya, da yadda ake ajiye kafur sai a ruwan ƙarshe, da yadda hannu ke aiki a ƙarƙashin mayafi ba tare da ido ya bi shi ba. Kina yawan cewa mai wanka idonta na ƙasa, bakinta na rufe. Kina kuma cewa gawa baƙuwa ce mai sauri, ba a barinta tana jira.

Ranar da taki ta zo, a kansa muka kwantar da ke, ni da Tumba, abokiyar aikinmu ta wanka, da ƙawarki Gwaggo Abu. Da aka fita da ke, ina durƙushe ina wanke katakon, Gwaggo Abu ta kama wuyan hannuna. Ba ta yi kuka ba, kin san halinta. Ta ce, "Kulu, in tawa ta zo, wanga katako nika so. Inda ƙawata ta kwanta, nan za ki kwantar da ni." Na ce mata to. Ta ce in sake faɗa. Na sake.

Tun farkon daminar nan Gwaggo Abu ta kwanta. Abinci ya koma kunu, kunun ma sai an lallaɓa ta. Duk wadda ta yi irin aikinmu ta san abin da take gani. Da wannan a raina na tafi Tsafe, don Rabi jikarki ta sauka, ta sami namiji, ni ce mai yi mata wankan jego. Na zauna har bayan suna, sannan ƙanwar mijinta ta karɓe ni. A hanyar dawowa mota ta sauke mu Gusau, na ce bari in leƙa gidan Auta in yi azahar, in ga yara.

Sai na gaya miki abin da ya shiga kan ɗanki, don bayan tafiyarki aka yi shi. Wurin aikinsu sun tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da wani ƙaton kwali. Muka ɗauka tsarabar yara ce. Ashe tasa ce. Wasu 'yan motoci ne, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, da titinsu na roba da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa har ya zagayo ya haɗe. A tsakiyar titin akwai tsagi, a cikin motar kuma akwai ɗan tsinke da ke shiga tsagin ya riƙe ta. Wutar lantarki ke tura su. Mutum ya riƙe wani abu kamar bindigar wasa, in ya matsa sosai motar ta ruga, in ya yi garaje a kwana ta tashi sama ta faɗi. Shi ke nan abin, Inna. Ba inda za su. Su zagaya su dawo, su zagaya su dawo, da wata ƙara kamar zirnaƙo ya shiga tulu.

Da farko a ƙasan falo yake shimfiɗa titin. Yara su taka, mahaɗar ta rabu, matarsa ta yi mita ba ta samun yin shara. Sai ya ƙudura zai yi musu teburi na kansu, a wani ɗan ɗaki da ke jikin falon.

Tun daga bakin get na ji kukan zarto. Ban kawo komai ba. Na shigo da ƙullin kayana a ka, na yi sallama, sai wani ƙamshi ya tare ni. Ƙafata ta tsaya da kanta. Kafur ne da magarya, da warin tsohon ruwa da ya shekara yana shiga itace. Ba a jin wannan ƙamshin a ƙarƙashin rumfar mota. Na san inda ake jinsa.

Ƙyaurenki ne a kwance bisa benci biyu, tsirara, ba tabarma. Kafinta ya ɗora gwiwa a kansa yana ja. Kafin in sauke kayana zarton ya fita, guntun ya faɗi ƙasa. Ƙarshen ƙafafu ne, inda kwatar biyu ke haɗuwa, kusan kamu guda. Kafintan ya ture shi da ƙafa, daga baya ya ɗora gwangwanin gam a kai.

Auta ya taso da murnarsa, da zaren awo a wuya kamar tela, garin katako har cikin gemu, gemun da furfura ta fara ci. Ya karɓi kayana, ya jawo ni in ga aiki. Ya ce ya je Bungudu duba katanga lokacin ina Tsafe, ya buɗe ɗakin ajiya, sai ya ga abin da ya daɗe yana nema. Katakon yanzu, in ji shi, da damina ta taɓa shi sai ya lanƙwashe, motocin kuwa ba sa son ko ɗan tudu. Wannan shi zai zama ƙashin bayan teburin, a nan doguwar miƙaƙƙiyar hanya za ta bi, sai a ƙara masa fukafukai na katako mara kauri a gefe don kwanoni. Ya ce sun rage tsawon ne don ƙofar ɗakin ta samu rufuwa. Ya ce, "Yaya Kulu, shekara da shekaru abin nan na jingine ba ya tsinana wa kowa komai."



Kafintan ba shi da laifi, mutumin kirki ne, aikinsa aka kira shi. Amma duk kalmar da ta fito bakinsa sai ta sauka mini kamar an watsa mini ruwan kwata. Ya yaba ƙamshin itacen, ya ce kamar an turara shi. Ya ɗora wani ma'auni mai ɗigon ruwa a ciki, ya yi tsaki, ya ce katakon yana da gangara, sai an sa wa ƙafafun gefe guda ƙari. Ya shafa tsakiyar, inda ya ɗan lotsa, ya ce wannan kamar an daɗe ana kwanciya a kai, sai an cike shi da foti an goge da samfefa. Da ya zo kan kwatar kuwa har dariya ya yi don daɗi. Ya ce wanda ya sassaƙa wannan kamar ya san za a bi da waya ta ciki. Suka ɗauko wayoyi ja da baƙi suka kwantar a hanyar da ruwan wankan matan unguwarmu ya bi, suka danne da 'yan ƙusoshi.

Ina tsaye aka kifa shi, aka yi masa firam ta ƙasa, aka huda, aka ɗaura ƙafafu huɗu da sukurori masu tsawon yatsa. Kowane sukuru da ya shiga sai in ji shi a haƙorina. Aka miƙar da shi. Auta ya jijjiga, ya ga bai motsa ba, ya buga tafi a kai kamar mai sayen sa a kara.

Na ja shi gefe na ce masa a hankali katakon nan na Inna ne, kuma yana da aikinsa. Ya yi dariya ya ce ai aikin ne aka ba shi yau. Ya ce in katako nake so, gobe ya sa a kawo mini sabo fil daga kasuwa, wanda ya fi shi kyau. Na buɗe baki in ƙarasa, sai motoci suka tsaya a waje.

Asabar ce, abokansa ne suka zo ganin teburi. Manyan mutane, Inna, irin waɗanda ake tashi tsaye in sun shigo ofis. Akwai mai tumbi, akwai mai sanƙo, akwai wanda na san ya aurar da ɗiya. Suka zagaye shi suna shafawa. Ba su ma jira an yi fenti ba, suka ce a gwada. Aka harhaɗa titin a kai, aka jona wuta, suka tuɓe huluna suka naɗe hannun riga. Mai tumbin ya ce wa mai sanƙon ko a titin gaskiya bai iya kwana ba, balle a nan. Shi kuma ya ce ai tumbin ne zai tare masa ganin hanya. Motar wani ta tashi ta faɗa cikin takalmi, suka kwashe da dariya har da riƙe ciki.

Sannan aka kawo tsire. Aka buɗe takardar a kan katakon, a gefen da ya fi kauri. Nan ne wajen kai. Nan na tallafi kanki na zuba ruwa ta dama sannan ta hagu. Mai ya tsattsafo ta takardar ya shiga itacen, yaji ya watsu, wani ya ajiye tsinken da ya gama sakace da shi a cikin kwatar. Aka miƙo mini, wai Hajiya bismillah. Na ce na ƙoshi.

Ki faɗa mini, Inna, da wane baki zan ce wa baƙin ƙanena, da nama a bakinsu, a kan abin wankan gawa kuke ci? Da ya gama tozarta a garin nan har ya mutu. Kuma dokarki na kaina. Na haɗiye.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Ummi, takwararki, 'yar Auta ta ƙarshe. Tana so ta ga motocin daidai idonta, sai ta hau ta inda babu titi, ta miƙe a kan katakon, ta kwanta rigingine, hannuwa a jikin cinya, ta juya fuska dama. Ban san lokacin da na fizge ta ba. Yarinya ta tsorata ta fasa kuka, uwarta ta leƙo ta taga ta yi mini wani kallo. Na ce ƙusa nake gudar mata. Akwai ƙusoshin kuwa, ban yi ƙarya ba, amma ba su ne suka tashe ni ba.

Na yi sallata a ɗakin yara na fito. Ko ruwan gidan ban iya sha ba. Daga Gusau har Bungudu bakin mayafina na kan hancina, matar da ke kusa da ni a mota har ta miƙo mini lemun tsami.

Kwanakin da suka biyo baya, a waya na riƙa ganin sauran aikin, don Auta kullum sai ya turo hoto a zauren dangi. An shafe shi da koren fenti, wai ciyawa. An ja farin layi inda motoci ke tashi. An yi masa ɗan shinge a gefe don kada su riƙa faɗowa, an liƙa 'yan itatuwan roba da 'yan fitilu. Dangi suna ta sa albarka, wannan ya ce sai ka ce Turai, waccan ta ce Allah Ya ƙara basira. Har 'yan'uwanmu mata da aka wanke iyayensu a kansa, ba wadda ta gane shi a cikin koren nan. Na kira shi na ce ya dawo da shi, ana bukatarsa. Ya ce in yi haƙuri, sun sa gasa da abokai a ƙarshen mako, in an gama sai mu yi magana.

Na kai wa Malam maigidana maganar. Ya saurara, ya ce itace ba shi da wata alfarma a shari'a, duk abin da yake mai tsarki an yi wanka a kai ya wadatar, wasan motocin ma bai ga inda aka hana ba in bai hana salla ba. Na san gaskiya ya faɗa, ni ma na karanta. Ban ce akwai albarka a cikin maɗaci ba. Amma alkawari fa? A nan Malam ya ce wannan kam yana wuyana.

Na je duba Gwaggo Abu. Ta rame har ba na son in faɗa, amma bakin na nan. Ta tambayi jaririn Rabi, ta tambayi ko an sa wa mai jego isasshiyar kanwa a kunu, sannan ta tambayi katakon. Ba zan yi wa mai jinya ƙarya ba. Na ce yana Gusau wurin Auta, zai dawo. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Mi ya kai shi birni? Shi ma aikin gwamnati ya samu?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni na kasa.

Ba ta kai ƙarshen makon ba. Da hantsi aka aiko, Allah Ya yi mata cikawa. 'Ya'yanta suka ce jana'iza bayan azahar.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira Auta. Ya fara cewa yana ofis, na ce ya saurare ni. Na ce, "Katakon da ka yi teburi da shi, a kansa ake wanke matan unguwarmu in sun rasu. Gwaggo Abu ta rasu, kuma na yi mata alkawarinsa. Ka kawo shi kafin azahar." Can ya ce ga shi nan.

Da ya isa gida ya sake kira don ya tambayi ko da titin zai kawo, bai kuma kashe wayar ba, shi ya sa na ji matarsa. Da ban ji ba ya fi mini. Tana ta salati da kururuwa, wai kayan gawa a cikin gidanta, wai 'ya'yanta sun ci abinci a kai, a fitar mata da wannan ƙazantar, a kira mai wanke ɗaki. Ƙazanta, Inna. Abin da mace ke hawa a tsarkake ta tsarkin da ba ta taɓa samun irinsa ba, ta sauka zuwa ga Ubangijinta. Maiƙon tsire da tsinken sakace ba su zama ƙazanta ba, ke da kika kwanta a kai ce ƙazantar. Duk takaicin da na sha a kan teburin nan, wannan kalmar ta fi shi ɗaci. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi istigfari a kansa.

A bayan a-kori-kura ya kawo shi, ƙafafu a sama kamar mushen jaki. Sun cire titin a gaggauce, amma fukafukan na nan, shingen na nan, har da itacen roba guda da gam ya ƙi saki. Abin da kika yi shekaru kina bi da shi ta lungu a naɗe, ga shi an sauke shi a ƙofar gidan makoki, kore shar, gaban liman da dattawan unguwa. Aka gwada shigar da shi ta zaure, ya ƙi. Aka karkata, ya ƙi. Mutane suka daina tasbihi suna kallo. Wasu samari suka sa hannun riga a baki. Ina daga bayan labulen zaure ina ji kamar ƙasa ta tsage.

Auta ya durƙusa cikin taɓo da kayan ofis, ya shiga kwance sukurorin da hannunsa. Wani ya zo zai taya shi, ya girgiza kai. Liman ya ɗaga ido ya dubi rana. Ƙafa ta farko ta fita, ta biyu, fukafukan suka rabu. Da ya rage katakon kaɗai, ya turo shi bakin labule, bai ɗago ba ya ce, "Yaya, har Inna?" Na ce har Inna. Ya tambaye ni ta ina kanki yake. Na nuna masa da yatsa. Akwai wata 'yar ƙusa da ta rage a wurin, kanta ya karye, abin cirewa ya kasa kama ta. Da farce ya yi ta ƙwaƙule ta har yatsansa ya fashe, sai da ta fita.

Ni da Tumba muka ja shi ciki. Muka fizge wayoyin daga kwatar, muka dirje shi da toka da sabulu, muka ɗauraye har sau uku. Fentin ya ƙi fita, lokaci kuma ba namu ba ne. Muka ɗora shi a kan duwatsu, muka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta don kada koren ya taɓa ta.

Abin da ido ya gani a ɗakin nan ba zan faɗa ba, kin hore ni. Abu ɗaya zan faɗa, shi ma don kowa ya san shi tun tana raye: Gwaggo Abu doguwar mace ce, sai ta sunkuya take shiga ƙofarki. Da muka kwantar da ita, katakon ya ƙare, ita ba ta ƙare ba. Ƙafafunta suka rage a iska.

Tumba ta dube ni, na dube ta. Na aika a tambayi Auta guntun da aka yanke, ko a tokara. Amsa ta dawo cewa mai gadinsa ya hura wutar shayi da shi tun ranar.

Sai na zauna a ƙasa, daidai inda guntun ya kamata ya kasance, na ɗora dugaduganta a kan cinyata. Na ce Tumba ta yi wankan, babbar 'yar Gwaggo ta zuba ruwa, ni ina faɗa musu abin da ke biye. Kwatar ba ta da mahaɗa yanzu, ramukan sukurori kuma suna yoyo, don haka duk ruwan a kaina ya ƙare, na magarya da na kafur, har zanena ya manne da jikina. Wallahi, Inna, ban ji ƙyamar ɗigo ɗaya ba. Tun ranar da na ji kukan zarton nan hankalina bai kwanta ba sai a wannan zaman. Ina riƙe da ƙafafun da suka yi shekaru suna bin ki lungu-lungu da buta, ina ce mata a zuciyata, Gwaggo, ga inda ƙawarki ta kwanta, abin da ya rage daga ciki ke nan, ki yi haƙuri.

An sallace ta a kan lokaci. Baƙuwar ba ta jira ba.

Katakon yana gidana yanzu, na hana a mayar da shi ɗakin ajiya. Kullum in na sami sarari ina kankare fentin da bakin wuƙa, ya fara fita, sai dai fotin da aka cike tsakiyar da shi ya kama kamar dutse. Auta ya zo ranar sadakar uku, ya zauna a tsakar gidana. Ya ce zai kawo kafinta ya yi masa ƙari. Na ce ya bari tukuna, mahaɗa ba ta riƙe ruwa. Motocinsa suna nan, an ce ya sa a yi musu wani teburin da katakon kasuwa. Ban hana shi ba, ba kuma na son a nuna mini. Matarsa har yau ba ta kira ni ba, ni ma ina jira zuciyata ta huce kafin in kira ta, don ni ce babba.

Akwai abin da na yi da ya saɓa wa dokarki, gara ki ji daga bakina. Na tara yaran gidanmu, maza da mata, nawa da na 'yan'uwana, na yaye tabarmar a gabansu na faɗa musu ko mene ne, da waɗanda suka kwanta a kai, da sunayensu. Ƙananan sun maƙale a jikin iyayensu, wani ya ƙi bi ta wurin har washegari. Yanzu sun saba. Kin yi dokar ne don tausayi, na sani. Amma tsoron yaro kwana yake yi ya wuce, abin da zarto ya ci kuwa ba ya dawowa.

Jiya da gidan ya yi shiru bayan la'asar, na shimfiɗa shi a ƙasa, na kwanta a gefensa na gwada. Kin san ban yi tsawo ba, ke na biyo. Ni ya ishe ni, har da ɗan saura.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna, Ka ji ƙanta kamar yadda ta suturta bayinKa mata ba ta taɓa tona asirin ko ɗaya ba. Ka wanke ta daga kurakurai, ita da ƙawarta Gwaggo Abu, Ka haɗa su a inuwa guda. Ka ji ƙan Baba da duk waɗanda suka riga mu. Ka shirya mana Auta da iyalinsa, Ka cire mini abin da ya rage a zuciyata game da su. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da kalmar shahada, Ka ba mu hannuwa masu tausayi da za su juya mu. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki mai zuba miki ruwa,
Hauwa'u Kulu,
Bungudu.